Ranar da Hamma Ya Ba Tarwaɗa Kanwa

Mu a gidanmu, in dabba ta ƙi ci ba a neman shawarar kowa, kanwa ake ba ta. Haka muka buɗe ido muka ga mahaifinmu yana yi. Kakanninmu makiyaya ne. Mu dai a cikin garin Haɗeja aka haife mu, Fillancin ma ba ma ji sai gaisuwa da zagi, amma shanu ba su bar gidan ba sai bayan rasuwar tsohon. Duk shekara zai sayi buhun kanwa wajen masu shigowa da ita ta hanyar Birniwa, a daka, a jiƙa a komi, shanu su sha. Kwana biyu sai ka ga saniyar da ta yi laushi ta dawo tana figar ciyawa kamar da gayya. Akuya kanwa, doki kanwa, mu kanmu in ciki ya ƙulle kanwa.

Yayana, wanda muke kira Hamma kamar yadda Fulani ke kiran wa, shi ya gaji wannan ilimin, ya haɗa da gorar mahaifinmu da kuma zuciyarsa. Shi ya bi shanu, ni aka kai ni makaranta, har na zama malamin kimiyyar sinadarai a wata sakandare a cikin gari. Tun daga nan ya daina kirana da sunana, sai ɗan boko. Ina son Hamma, kuma ina tsoronsa, ba zan ɓoye ba. Hannunsa ya fi bakinsa sauri. Na taɓa gani da idona ya kifa wa wani dillali mari a kara, kasuwar shanu, don kawai ya ce bijiminsa ya tsufa. A shekarar da nake ba da labari ina da 'ya'ya uku, amma in Hamma ya ɗaga murya sai in ja da baya.

Da kiwo ya gagara, fadama ta zama shinkafa ta ko'ina, abin da ya rage kuma ciyawar kacala ta cinye, sai Hamma ya sayar da ragowar shanun gado. Ya haƙa rami biyu a filinmu na bakin kogi, babba da ƙarami, ya shimfiɗe su da baƙar leda, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ko da ya koma kiwon kifi, makiyayi ne dai. Fito yake musu in zai ba su abinci, kuma garkena yake ce musu. Mukan yi masa dariya a bayan idonsa, don a gabansa ba mai wannan ƙarfin halin.

Maƙwabcin filin wani dattijo ne manomin shinkafa, ɗan siriri, mai baki kamar reza. Baba muke ce masa, don ya kusa sa'an mahaifinmu. Rigimarsu da Hamma a kan ruwa ce. Ruwan kifi sai ana canza shi, kuma in Hamma ya saki tsohon, ba inda yake bi sai wurin da Baba ke renon irin shinkafarsa. Sau biyu ruwan yana kwantar masa da iri. A na biyun aka yi cacar baki har mutane suka taru, Baba ya nuna ramin da ɗan yatsa ya ce, "Ka sake sako min wannan ƙazantar, wallahi kifin nan ba za su ga kasuwa ba." Mai unguwa ya shiga tsakani, ya ce kada Hamma ya ƙara sakin ruwa sai ya haƙa wata magudanar. Hamma ya ce shi ba a ba shi umarni a filin ubansa, ba zai haƙa ba. Bai haƙa ba, bai kuma saki ruwan ba. Babban ramin ya yi kusan mako biyu da ruwa ɗaya, a tsakiyar bazara.

A nan dole in ɗan yi aikina na malami, don in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Akwai darasin da nake koyarwa duk shekara, na daidaito. Nakan zana kibiya biyu a allo, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. Nakan ce wa ɗalibai su tuna jirgin fito ranar kasuwa: in masu hayewa da masu dawowa yawansu ɗaya, za ka ga jama'ar kowace gaɓa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, alhali jirgi bai tsaya ba. Amma ka taɓa wani abu, ko zafi, ko tsamin ruwa, sai kowa ya karkata gaɓa ɗaya. Misalin da na fi so kuwa shi ne na kashin kifi da ragowar abincinsu. In sun ruɓe a ruwa sukan ba da wani sinadari mai fuska biyu. Fuska ɗaya amoniyam ce, tana narke a ruwa, kifi na jure ta. Ɗayar amoniya ce, iskar nan mai zarnin fitsari, tana ƙone wa kifi wurin numfashi. Muddin ruwan na da ɗan tsami, kusan duka yana zaune a fuskar farko. Ka kashe tsamin, ya juye zuwa ta biyu, zafi kuma ya ƙara tura shi. Abin da ke kashe tsami kuwa kowace mace ta san shi, shi take jefawa a miyar yakuwa. Na faɗi wannan a aji ya fi sau nawa, har ina jin haushin ɗaliban da ke gyangyaɗi.

Ranar wata Asabar ce, bayan azahar, ɗan baffanmu ya kira ni a waya yana haki, ya ce in zo fadama, kifin Hamma na mutuwa. Na hau babur na tafi.

Ban taɓa sanin kifi na iya mutuwa da hayaniya ba sai ranar. Ruwan babban ramin tafasa yake yi. Tarwaɗa manya, kowace ta kai damtse, suna tsalle suna faɗowa a kan leda, suna bugun juna, suna fitowa gaɓa da kansu suna birgima a ƙasa mai zafi. Wasu sun kafe a tsaye baki a sama. Wasu sun juya fararen cikkunansu, jini na tsattsafowa ta gefen kawunansu. Hamma na cikin ruwan har gwiwa, yana kwasowa da hannu biyu yana jefawa a baho, wanda ya jefa kuma ya mutu a bahon. 'Ya'yan baffanmu biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suna tsaye ba su san abin yi ba.

Ina isa bakin ramin zarni ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Na tsoma hannu, na murza yatsuna, na ji santsi kamar ruwan sabulu. A gefen leda ga farin gari ya bushe ya yi layi. Ƙaramin ramin kuwa, taku goma daga nan, kifinsa na iyo lafiya lau.

Hamma ya fito yana ɗigar ruwa, idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Ɗan boko, ka ga abin da aka yi min? Kwana uku ba sa ci. Da safen nan da hannuna na daka musu kanwa, rabin buhu na zuba, don cikinsu ya wanke. Na je gida na dawo, ka ga abin da na tarar. Guba aka zuba min!"

A wannan lokacin na san komai. Ba zato nake yi ba, sani na yi, kamar yadda na san sunana. Ruwan mako biyu, rabin buhun kanwa, ranar bazara. Na buɗe baki. Sai na dubi fuskarsa, na dubi kifin, na tuna shanun mahaifinmu ne kwance a ƙasa suna birgima, kuma ni ne zan ce masa kai ka kashe su da hannunka, a gaban ƙannensa. Na ce a raina bari ya ɗan huce tukuna. Tsoro ne kawai, na raɗa masa suna hankali.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan baffan ya ce, "Ai tun safe tsohon can yake feshi."

Duk muka juya. Can cikin shinkafa ga Baba, tankin feshi a bayansa, yana tafiya a hankali yana lilo da sandar feshin, bai ma san ana yi ba. Hamma ya sunkuya ya ɗauki gorarsa.

Na bi su a baya ina cewa, "Hamma, tsaya mana, Hamma, a bi a hankali." Maganar banza ke nan, wadda ba ta taɓa tsayar da kowa ba. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da shi, ita kuma na riƙe ta a baki.

Baba ya ɗago ya gan su, har ya fara cewa, "Lafiya, samari?" Gorar farko a kafaɗa ta same shi, ta fasa tankin, maganin ya kwararo masa a baya. Ta biyu a hannun da ya ɗaga don ya kare kansa. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas, kamar an karya rake. Ya faɗi cikin taɓo. Suka rufe shi da duka, Hamma da gora, su biyun da ƙafa, a haƙarƙari, a ciki, a baya. Shinkafar da ke wurin ta kwanta, ruwan ya koma ja. Yana ta salati, yana cewa, "Me na yi? Ku gaya min me na yi!"

Hamma ya ce, "Ka ce ba za su ga kasuwa ba. To zo ka gani."

Suka ja shi ta ƙafa, kansa na bugun kunya bayan kunya, har bakin ramin. Hamma ya damƙi wuyan rigarsa ta baya, ya danna fuskarsa cikin ruwan. Ya ɗago shi. "Sha abin da ka zuba!" Ya sake dannawa. Ƙafafun tsohon na shure-shure a kan leda. Da aka ɗago shi karo na biyu ba salati yake ba, ihu yake, "Idona! Idona!" Ni na san abin da ruwan kanwa mai ƙarfi haka ke yi wa ido. Ɗaya daga 'ya'yan baffanmu ya ɗauki matacciyar tarwaɗa yana cusa masa a baki, ƙayar ta yage masa leɓe.

Sai a nan bakina ya buɗe. Na faɗa kan Hamma na riƙe hannunsa, na ce, "Ba shi ba ne! Kanwar ce! Kanwar da ka zuba ce ta kashe su!"

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Ƙaƙa? Kanwa?" Ya saki tsohon, ya juyo da gorar ya shimfiɗa min a goshi. Na zauna daɓas, jini ya rufe min ido ɗaya. Ina jin sa a sama yana cewa, "Kanwar da ubanka ya ba shanu shekara arba'in? Don ka yi boko sai ka zage mu? Da kai aka haɗa baki!"

Kafin ya ƙara min, 'ya'yan Baba uku suka iso a guje daga wata gonar, da lauje da adda. Abin da ya biyo baya ban gan shi daidai ba, ido ɗaya nake kallo da shi. Na ga lauje ya sauka a kunnen Hamma, rabin kunnen ya rataya. Na ga ɗan baffanmu ya riƙe adda da tafin hannu, yatsunsa biyu suka tafi. Na ga babban ɗan Baba a ƙasa, Hamma na kansa yana dukan bakinsa da gindin gora har haƙora suka zubo. Ana taka kifi, ana zamewa, ana tashi. Masu aikin shinkafa na gonakin kusa ne suka taru suka raba, su ma sai da aka fasa wa biyu kai. Aka ɗora Baba a kan amalanken shanu zuwa bakin titi, ba ya motsi, na ɗauka ya mutu.

Bai mutu ba. Hannun dama ya karye biyu, haƙarƙari uku, idon hagu kuma ya tafi, ya yi fari fat.

Kwana huɗu bayan haka aka taru a filin, da mai unguwa, da 'yan sanda biyu, da dangin kowane ɓangare suna harare-harare. Har lokacin rabin unguwarmu na cewa Baba ya zuba guba, abin da ya samu shi ya saya. 'Yan uwansa kuma sun rantse sai sun ƙone mana gida. Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni da safe ta ce, "Ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, ka ce ba ka sani ba." Na ce mata to. Da na isa filin na ga babban ɗan Baba da baki a kumbure, sai na kasa.

Na sa aka kawo bokiti biyu, na ɗebo ruwa daga ƙaramin ramin, wanda shi ma ya kwana biyu ba a canza ba, amma ba a ba shi kanwa ba. Na sa tarwaɗa ɗaya a kowane. Na karɓi ragowar kanwar Hamma, na ba mai unguwa ya lasa da kansa don kada a ce na sauya, na zuba tafi guda a bokiti ɗaya na motsa, na ajiye su a rana. Na fito da 'yar jar takardar gwaji da muke amfani da ita a makaranta, na jiƙa ta, na riƙe a saman ruwan ba tare da ta taɓa shi ba. A hankali ta koma shuɗiya. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, sunkuya ka shinshina." Ya sunkuya, ya ɗago da sauri yana murza hanci. Ba a daɗe ba kifin bokitin ya fara haukan da 'yan uwansa suka yi, yana bugun ƙarfe, har ya yi tsalle ya faɗo ƙasa. Ɗayan na kwance abinsa yana kaɗa gashin baki.

Na yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane. Na ce saniya shan kanwa take yi ta wuce cikinta, kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi, kuma dafin yana nan kwance a ruwan tun farko, kanwa ta tashe shi kawai. Wani tsoho daga danginmu ya ce a hankali, "Ikon Allah, ashe gyaran gangar auzinawa aka yi."

Hamma na tsaye da kai naɗe da bandeji. Bai yi musu ba. Ya daɗe yana kallon kifin da ke ƙasa, sannan ya dube ni ya ce, "Ka kyauta, ɗan boko." Ya miƙa wa 'yan sanda hannu da kansa. Ya yi wata bakwai a tsare kafin manya su sasanta. Tun da ya fito, in na gaishe shi yakan amsa, iyakarta ke nan. Ya cike ramukan da ƙasa.

A unguwa kuwa sai na zama abin yabo. Ana cewa malam ya faɗi gaskiya ko a kan ɗan'uwansa, ga tabo a goshi shaida. Har liman ya yi misali da ni. Ina jin daɗin abin, ba zan yi ƙarya ba, kuma da wannan jin daɗin na shirya na tafi duba Baba bayan an sallamo shi daga asibiti. Na sayi lemo da kankana na rataya a babur.

Na same shi a zaure a kan tabarma, hannu a ɗaure da karan ɗori, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu, na ba shi haƙuri a madadin gidanmu. Ya amsa ba yabo ba fallasa. Ya ce an ba shi labarin bokiti, Allah ya yi albarka, na wanke shi daga sunan mai zuba guba, wanda ya fi masa ciwo fiye da hannun. Na ce ba komai, Baba, ai wajibi ne.

Ya shiga juya carbi da hannun hagu, bai iya ba tukuna, yana ta kuɓuce masa. Sannan ya juyo da lafiyayyen idon gaba ɗaya ya sa min.

"Malam, in tambaye ka. Yaran nan sun ce wari ka ji ka gane."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To warin nan, da ka ji shi, an riga an taɓa ni, ko ina can ina feshina?"

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, kuma ba wanda zai kama ni, don ba wanda ya san abin da ke cikin kaina a ranar sai Allah. Na dubi audugar da ke idonsa.

Na ce, "Kana can kana feshi, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da yake jira ke nan. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya lalubi ledar lemon da ƙafa, ya turo ta gabana.

Ya ce, "Yayanka mahaukaci ne, bai sani ba, na yafe masa. Ɗauki kayanka, malam. Ka gaida gida."